Kada ka raina wanda arzikinka ke bi ta hannunsa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Mu da ke Jos, tsakaninmu da teku tafiyar yini ce cur a mota, amma kifinta na cikin tukwanenmu. Titus ɗin nan mai ƙanƙara da uwargida ke sayowa a Terminus, me ya ci har ya yi kitse?

Masu binciken teku sun bi sawu. Yana cin ƙananan kifaye da 'yan ƙwarin ruwa, su kuma ƙwarin suna kiwo ne a kan wasu halittu da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Waɗannan halittu da hasken rana suke haɗa abincinsu, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take fitowa. Mafi ƙanƙantarsu, Prochlorococcus, sai a 1986 Sallie Chisholm da abokan aikinta a Amurka suka gano ta, alhali a ruwan teku mai ɗumi cokalin shayi ɗaya kan ɗauki dubu ɗaruruwanta. Tun kafin a san sunanta take aikinta. Subhanallah! "Kuma Yana halittar abin da ba ku sani ba" (Nahl: 8).

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayanin da masanin halittun teku Farooq Azam da abokansa suka yi a 1983: ragowar abincin da ya narke a ruwa ba ya tafiya a banza. Ƙwayoyin bakteriya suna cinye shi, wasu halittu su cinye su, a hankali ya koma cikin kifi. Allah Ya ce babu wata dabba a ƙasa face arzikinta yana gare Shi (Hud: 6), sai Ya ga dama Ya biyo da arzikin manya ta hannun ƙanana.

To ɗan uwa, dubi naka gidan. Ɗan dakon da ya ɗauko maka buhun dankali a Farin Gada, wuyansa na rawa, gumi na zuba cikin sanyin nan, kai kuma kana ja-in-ja da shi a kan canji. Mai garuwa, mai kwasar shara, yarinyar da ke wanke-wanke tun asuba hannunta ya tsattsage da hunturu. Ka san sunayensu kuwa? Wallahi wannan raini yana ci mini rai, domin mu masu sahun gaba a masallaci ma muna yin sa. Ka biya su haƙƙinsu cikakke a kan lokaci, ka amsa sallamarsu da fuska a sake, idan yarinyar nan ba ta da lafiya ka kai ta asibiti kamar yadda za ka kai taka.