Shekara 25 a kan hancin kifi, kuma ban ga asara a ciki ba

Akwai maganar da ke yawan fitowa duk lokacin da aka taɓo batun kuɗin bincike: wai wane amfani za a samu a wajen mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin yadda kifi ke jin ƙanshi? Ni dai maganar nan tana damuna, don haka bari in ba ku labarin Arthur Hasler na Jami'ar Wisconsin a Amurka, wanda aka haifa a 1908 ya rasu a 2001.

In ka sayi tarwaɗa, kafin a yanka ta duba saman bakinta da kyau. Za ka ga ƙananan ƙofofi, biyu a kowane gefe. Ba numfashi take yi da su ba. Ruwa ne ke shiga ta ƙofar gaba, ya bi ta kan wata tsoka mai ninki-ninki da ke cike da jijiyoyin jin ƙanshi, ya fita ta ta baya, saƙon kuma ya wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. A kan wannan 'yar gaɓa Hasler ya tare.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne kifin salmon. Ana ƙyanƙyashe shi a ƙaramin rafi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan in lokacin zuba ƙwai ya yi ya dawo rafin da aka haife shi, ba na kusa da shi ba. A 1951 Hasler da ɗalibinsa Warren Wisby suka ce kowane rafi yana da ƙanshinsa daga ƙasa da tsirran da ruwan ke ratsawa, kuma kifin yana haddace shi tun yana ƙarami. A wani gwaji da suka buga sakamakonsa a 1954, sun je rafin Issaquah a jihar Washington, inda ruwa ya rabu gida biyu. Suka kama kifayen da suka riga suka zaɓi reshensu, suka toshe wa wasu hanci da auduga, suka mayar da su duka ƙasa da mararrabar suka sake su. Masu buɗaɗɗen hanci galibinsu suka koma inda aka kamo su. Waɗanda aka toshe wa kuwa suka rarrabu barkatai.

Masu suka ba su gamsu ba, kuma da gaskiyarsu, don kifin da aka cusa wa auduga yana iya rikicewa saboda wahala kawai. Binciken ya ci gaba. A 1965 wani masani, Toshiaki Hara, da abokan aikinsa suka sa wayoyi a sashen ƙanshi na ƙwaƙwalwar salmon, suka ga tana motsi da ƙarfi in an zuba masa ruwan rafinsu a hanci, fiye da in an zuba na wani wuri. Sai a 1976 Hasler da ɗalibansa suka kawo hujjar da ta fi kowace. Sun reni ƙananan kifaye a ruwan da aka ɗiga wa wani sinadari da babu shi a rafukan yankin, wasu kuma da wani sinadarin daban, suka sake su a Tafkin Michigan. Da lokacin dawowa ya yi, suka ɗiga sinadaran a rafuka biyu. Cikin waɗanda aka sake kamawa, kashi 90 cikin 100 zuwa sama sun shiga rafin da ke ɗauke da ƙanshin da aka saba musu da shi, rafin da ba su taɓa gani ba.

Daga 1951 zuwa 1976 ke nan. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne wannan tazarar. Yau ana auna malamin jami'a da yawan takardun da ya buga kafin lokacin ƙarin girma, a nan gida da ma waje. Wanda ke ƙarƙashin wannan ma'auni ba zai iya jiran kifi ya je ya dawo ba, dole ya nemi abin da zai gama cikin wata shida. Ban zargi malaman ba, ma'aunin ne ya gaza.

Amfanin ya zo daga baya. Masu gidajen ƙyanƙyasar salmon sun gane cewa in ka ɗauki 'ya'yan kifi a mota ka zuba su can kusa da teku, da yawa za su ɓace a hanyar dawowa, don ba su bi ruwan sun haddace shi ba. An kuma gano cewa tagulla, ko kaɗan ce, tana dakushe hancin kifi, har ya kasa jin warin gargaɗin da ke fita daga fatar ɗan'uwansa in an ji masa rauni, warin da masanin dabbobi Karl von Frisch ya gano tun 1938. A 2010 jihohin Washington da Kalifoniya suka yi dokar rage tagulla a birkin motoci, saboda ƙurarta da ruwan sama ke kwasa zuwa rafuka. Hanci bai warware komai ba, don a tsakiyar teku ana ganin maganaɗisun ƙasa ne ke yi wa kifin jagora, amma daga bakin kogi zuwa gida aikin ƙanshi ne.

Mu ma kifayenmu suna hawa fadamu da damina su zuba ƙwai, kuma ruwan da suke bi yana ɗauke da maganin feshi na gonaki da dattin masana'antu. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da Kainji, muna da sassan nazarin kifi a jami'o'inmu. Ina so in ga an ba matashin malami ɗaya kuɗi na shekara goma ya bi hancin tarwaɗa da na karfasa, a riƙa tambayarsa me ya gano, a bar ƙirga masa takardu.