Bangon injin fiyushon: ni dai ina bayan narkakken ƙarfe

Duk lokacin da aka ce EAST na China, injin fiyushon (wato mai haɗe ƙwayoyin zarra don samar da makamashi), ya riƙe filasma, iskar gas mai tsananin zafi, har daƙiƙa 1066 a farkon 2025, ko WEST na Faransa ya zarce shi da 1337, sai ka ga ana ta tafi ana cewa wutar lantarki mai arha ta kusa, amma ba mai tambayar wai bangon da ke kewaye da wannan wutar ya yake ciki? Don ni a ganina nan gizo ke saƙar.

A babban injin ITER da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, filasmar za ta kai digiri miliyan 150, ninki 10 na zafin da ke can cikin cibiyar rana kanta. Maganaɗisu ne ke riƙe ta kar ta taɓa komai, amma dole ragowar zafi da tokar hiliyam su fita ta wani wuri a ƙasan injin da suke kira daibata, kuma wurin nan zai riƙa shan kusan megawat 10 a kowace murabba'in mita. Tangistin suka sa, ƙarfen da sai digiri 3422 yake narkewa, amma duk da haka yana tsattsagewa, niyutiron, ƙananan ƙwayoyin da ke fitowa daga filasmar, na sa shi ya yi gautsi, in kuma ɓurɓushinsa ya shiga filasma sai ya sanyaya ta. Ka ga kenan tashar lantarki za ta riƙa tsayawa ana turo mutum-mutumi su canza bango, wa zai biya wannan?

Shi ya sa dabarar rufe bangon da narkakken ƙarfe ta burge ni, tunda ƙarfe zai narke to a narkar da shi tun farko. Abin da ya riga ya zama ruwa ai ba ya tsagewa, in wuri ya ci wani ya kwararo ya cike gurbin. Masana a Rasha suka fito da tsarin saƙa raga ta ƙarfe mai ƙananan ramuka a jiƙa ta da litiyam, tana tsotso shi sama kamar lagwanin fitila, suka gwada a injin T-11M. Abin da ya fi ba ni sha'awa, in zafi ya yi yawa ƙarfen ya kan yi tururi, tururin kuma ya tsaya gaban bangon ya watsar da wani kaso na zafin kafin ya iso.

Litiyam na narkewa a wajen digiri 180, kuma a ɗakin binciken Firinston na Amurka sun daɗe da ganin filasma na ƙara lafiya da shi. Sai dai fa yana shanye tiritiyam, wanda yana cikin man injin kuma ga tsada ga ƙaranci, sannan in ya haɗu da ruwa gobara ce. Kuza, irin wadda ake haƙa a Jos, tana narkewa a 232, ba ta saurin tururi, an gwada ta a injin FTU na Italiya, amma tana da nauyi, ɗigo kaɗan ya fantsama ya ɓata filasma. Ga kuma maganaɗisun da ke ture duk ƙarfen da ke gudana.

Duk da haka in ni ke raba kuɗin bincike, zan rage na neman suna in gina daibatar kuza cikakkiya a babban inji a bar ta ta yi watanni tana shan wuta a ga iya ƙarfinta.