Shekara 95 ta yi wa haƙƙin mallakar manhaja yawa

Manhajar Windows XP ta fito a watan Oktoban 2001. A watan Afrilun 2014 kamfanin Microsoft ya daina kula da ita, ko shekara 13 ba ta cika ba. Amma a dokar Amurka haƙƙin mallakarta yana hannun kamfanin na tsawon shekara 95, wato sai ƙarshen 2096. Mai ita ya daina sayarwa, ya daina gyarawa, kuma doka ta hana wani ya gyara ya raba wa jama'a. Wannan lamari ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kada wani ya ce ina goyon bayan satar fasaha. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa masu sha'awar kwamfuta na kwafar manhajarsa ta BASIC ba tare da sun biya ba, kuma kukansa na kan hanya. Wanda ya kwana yana rubutu ya cancanci ya ci guminsa. Mu da muka ga abin da masu kwafar faifai suka yi wa 'yan fim ɗin Hausa mun san zafin abin. Tsawon wa'adin ne ban yarda da shi ba.

Darajar manhaja tana cikin kwafuwarta. Kamar ɗibar wuta ce a maƙwabta, an kai garwashi gida goma, murhun mai gida bai rage ci ba. Ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba ta saki manhajar yanar gizo da Tim Berners-Lee ya ƙirƙira, kowa ya ɗauka ba ko kwabo. Da an sa mata kuɗin lasisi, ina shakkar da yau yanar gizo ta kai inda ta kai. Haka manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Helsinki a 1991. Wayar Android da ke hannunka a kan ƙashin bayanta take tafiya, saboda an ba kowa damar ya kwafa, ya karanta, ya gyara.

Asalin haƙƙin mallaka ciniki ne tsakanin marubuci da al'umma: mun ba ka 'yan shekaru kai kaɗai ka sayar, bayan nan aikin ya zama na kowa. Dokar Birtaniya ta 1710 shekara 14 ta bayar, da ƙarin 14 idan marubucin na raye. Amurka ta bi sahu a 1790. Daga nan aka yi ta ja, a 1976 aka kai tsawon rayuwar marubuci da shekara 50, a 1998 aka ƙara 20, aikin kamfani kuwa ya koma shekara 95. A 1994 kuma yarjejeniyar TRIPS ta wajabta wa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya su ɗauki manhaja a matsayin aikin adabi. Dokar Najeriya ma, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta jera manhaja tare da littattafai, masu kariyar shekara 70 bayan rasuwar marubuci.

To don Allah, wace manhaja ce ke kai shekara 70 tana aiki? Littafi yakan kai, jikoki su karanta abin da kakanni suka karanta. Manhaja kuwa kafin wa'adinta ya cika, na'urar da za ta ɗauke ta ta zama kayan tarihi. Kamfanin da ya ƙirƙiro sabon magani, bayan shekaru na gwaji, shekara 20 dokar ƙirƙira ke ba shi.

Akwai ma abin da ya fi wannan damuna. Mai littafi yana miƙa maka kalmominsa duka, ka gani da idonka. Mai manhaja yana sayar maka da sigar da na'ura kaɗai ke fahimta, asalin rubutun da mutum zai karanta ya gyara yana kulle a wurinsa. Ko wa'adin ya ƙare, babu dokar da ta tilasta masa ya fito da shi. Kenan al'umma ta cika nata alkawarin na kusan ƙarni guda, ta tashi hannu rabbana. A watan Mayun 2017 da cutar kwamfuta ta WannaCry ta ɓarke, har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa ga XP. Ya kyauta. Amma ganin damarsa ne, kuma da ya ƙi, babu mai asalin rubutun da zai tsaya a madadinsa.

Ni a ganina shekara 20 ta isa, da sharaɗin duk mai son kariya ya ajiye asalin rubutun a wata ma'ajiya ta hukuma, a buɗe ranar da wa'adi ya cika. Kowace sabuwar siga tana da nata lissafin, don haka abin da kamfani ke sayarwa yau babu mai taɓa shi. Kamfanin id Software ya fitar da wasan Doom a 1993, ya saki asalin rubutunsa a 1997, bai durƙushe ba, har yau mutane na sa wasan ya yi aiki a sababbin na'urori.

Na san ƙasa ɗaya ba za ta iya rage wa'adin ita kaɗai ba, yarjejeniyoyin duniya sun ɗaure ta. Amma akwai abin da ke hannunmu. Duk manhajar da gwamnati ta biya aka rubuta da kuɗin jama'a, ta makaranta ce ko ta asibiti, a sa a cikin kwangilar cewa ɗan kwangila zai miƙa asalin rubutun, kuma wata jiha ko ma'aikata na iya kwafa ta gyara ba tare da an sake biya ba.