Wa ya ce ba mu san sanyi ba?

A daren Laraba na farko bayan an mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a Birtaniya kowace Lahadin ƙarshe ta Oktoba, muna tsaye a bayan garin Sheffield muna ɗaura fitilun goshi, sai wani dattijo cikin ƙungiyarmu ta masu gudun tsauni ya dube ni ya ce yana fatan ya sake ganina kafin Afrilu, domin a saninsa mutanen Afirka ba su san sanyi ba. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su, amma maganar ta tsaya mini a rai har muka hau muka sauko, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ya kamata in bayyana irin gudun da ake magana a kai, don kada a zaci tsere ne a kan kwalta. Yammacin Sheffield akwai yankin Peak District, wanda a 1951 ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, wato yankin da hukuma ta keɓe don a kare shi. Tuddai ne marasa bishiyoyi, sai gajeren ciyayi da tumaki da baƙar laka mai jiƙe wadda ƙafa kan nutse a cikinta har gwiwa. Mafi tsayinsu, Kinder Scout, mita 636 ne, Mam Tor kuwa 517. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, har ma'aikaci yakan yi Azahar da La'asar da Magariba duk kafin ya tashi daga aiki, saboda haka duk gudun tsakiyar mako cikin duhu ake yin sa. Iska tana kaɗa ruwa daga gefe, wani lokaci haɗe da ƙanƙara, hasken fitila kuma ba ya wuce taku goma idan hazo ya sauka. Kowa yana da takalmi mai haƙoran roba, da rigar ruwa da wandonta, da hula da safar hannu, da taswira da na'urar nuna alƙibla da usur, kuma a gasa akan duba jakar mutum a hana shi shiga idan kayan ba su cika ba.

Ba zan ƙi ba su haƙƙinsu ba. Na ga tsohuwa da furfura ta wuce ni a kan hawa tana hira kamar a tsakar gidanta take. Masu ceton waɗanda suka ɓata ko suka karye a kan tsaunukan 'yan sa kai ne, ba a biyan su ko kwabo. Hatta izinin taka waɗannan tuddai sai da aka yi gwagwarmaya a kansa, domin a 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka hau Kinder Scout da gangan alhali masu ƙasar sun hana, aka ɗaure wasu daga cikinsu.

Amma juriyar da dattijon yake tinƙaho da ita, rabinta a shago ake sayen ta. Mutum ya fita awa ɗaya da rabi sanye da kayan da kuɗinsu zai ciyar da gida guda na wata, ya dawo ya shiga mota mai ɗumi, ya isa gida ya tarar da ruwan zafi a famfo, sannan ya ce shi ne ya san sanyi. Ina so in tambaye shi ko ya taɓa yin alwala da ruwan da ya kwana a randa a tsakiyar hunturu, ko ya taɓa ganin manomin rani a Kadawa ta jihar Kano tsaye cikin ruwa da sassafe yana ba alkama ruwa, ƙafafunsa duk faso. Namu sanyin ba ya kai nasu a ma'auni, wannan gaskiya ne, sai dai mu ba mu da inda za mu gudu mu bar shi, a ɗaki yake kwana tare da mu. Garin Jos kansa yana sama da mita 1,200 daga teku, kusan ninki biyu na Kinder Scout da suke alfahari da shi, kuma 'yan Filato sun daɗe suna fitar da masu gudun dogon zango ba tare da rigar ruwa ba.

Abin da na kasa gaya masa shi ne ba sanyin ne yake kayar da ni ba. Sanyi yana da magani: ka ƙara riga, ka sha ƙwayar bitamin D da likitoci suke ba masu baƙar fata irinmu shawara, ka yi hattara da santsi a bakin ƙofa. Shirun ne ba shi da magani. Daga Nuwamba unguwarmu takan mutu da ƙarfe biyar, labule a sauke, maƙwabcina na shekara uku ban san ko yana da lafiya ba sai in na ga motarsa ta motsa. A Zariya hunturu tara mutane yake yi. Ana hura wuta a ƙofar gida, ana cika bencin mai shayi, wanda bai fito Asuba ba kwana biyu sai an je an buga masa ƙofa an tambayi lafiya.

Na fara zargin cewa yawancinmu a ƙungiyar, har da dattijon, abin da yake fitar da mu cikin wannan duhu ke nan, domin a kan tsauni ne kaɗai ake ƙirga mutane kafin a tashi, a sake ƙirgawa bayan an sauko, kuma idan ɗaya ya rage sai an tsaya jiransa. Larabar da ta wuce na dawo gida da laka har cinya, na kira Yaya a waya, na same shi a bencin mai shayi, ya ce: "Kai kuwa wa yake korar ka da daren nan?" Ina jin ƙarar cokali a cikin kofi da muryoyin mutanen da na sani, sai na roƙe shi kada ya kashe wayar, ya ajiye ta a kan tebur kawai.