Kada ƙwallo ta cinye wa masu tsere fili

A birnin Austin na jihar Texas a Amurka akwai wani filin wasa na jami'a da ya kamata masu kula da wasanni a jami'o'inmu su san labarinsa. Sunansa filin Mike A. Myers, an buɗe shi a 1999, yana ɗaukar 'yan kallo wajen 20,000. Tsakiyarsa ciyawa ce inda 'yan matan Jami'ar Texas ke buga ƙwallon ƙafa, gefensa kuma layukan tsere ne suka zagaye shi.

Asalin gina shi ne ya fi jan hankalina. Tun 1925 jami'ar ke shirya gasar guje-guje ta Texas Relays, wadda koci Clyde Littlefield ya assasa, kuma a babban filin jami'ar ake yin ta. Da zari-ruga irin ta Amurka ta ƙara kawo kuɗi, aka so ƙarin kujeru, sai aka cire layukan tsere daga can. A wurare da yawa a nan magana za ta tsaya, masu gudu su kama gabansu. Su kuwa hukumomin jami'ar sai suka gina wa tsere gida nasa, suka haɗa shi da ƙwallon mata, suka sa masa sunan tsohon ɗalibin da ya ba da gudummawa.

Masoya tamaula suna da ƙorafi, kuma ba ƙarya suka yi ba: layukan tsere suna nisanta ɗan kallo daga ɗan wasa, ihu ba ya isa tsakiyar fili da zafinsa. Na yarda. Amma wannan lissafin kulob ne mai sayar da tikiti. Jami'a kuwa abin da ya kamata ta duba shi ne kwana nawa fili ke aiki a shekara, kuma ɗalibai nawa ke taka shi. A Austin, kakar ƙwallo na ƙarewa sai ta tsere ta kama, har 'yan sakandaren jihar ma a nan suke gasarsu ta ƙarshe.

Mu ma mun ci moriyar wurin. A gasar jami'o'in Amurka ta 2023, a wannan fili ɗan Najeriya Udodi Onwuzurike ya lashe tseren mita 200. Irinsa ba ya fitowa daga filin da aka bar wa ciyayi da awaki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda a wajenmu ake share tsakiyar fili a shafa farar ƙasa saboda wasan ƙwallo, gefen kuma a bar shi da ramuka, yarinya mai son gudun mita 400 tana kauce wa duwatsu da takalmin roba. Muna da gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, tun 1966. Duk jami'ar da ke neman karɓar baƙuncinta, a fara tambayarta wa zai riƙa gyara layukan tseren bayan baƙi sun watse, kuma da wane kuɗi.