Ku ce mana a'a, mu san inda dare ya yi mana

Jiya da la'asar wani saurayi ya shigo shagona da ambulan kaki a hammata, irin wadda duk mai neman aiki a Damagaram ya sani. Ƙaramin batir na cajin salula yake nema. Na nuna masa iri biyu, ya ɗauki mai arha, yana ta juya shi a hannu. Sai ya ce mini: "Yaya, wannan zai riƙe wuni guda? An yi mini ganawar aiki wata biyu ke nan, sun ce za su kira. Tsorona a ɗauke kuran, salula ta mutu, su kira ba su same ni ba." Na dube shi na rasa abin cewa, don na san wannan tsoron ciki da bai. Wata bakwai na kwana da shi.

Shi ya sa nake wannan rubutu, kuma da masu ɗaukar ma'aikata nake: ƙungiyoyi, kamfanoni, masu furoje, har da ƴan kasuwar da ke neman mai riƙe musu lissafi. Idan kun kira mutum, kun zaunar da shi, kun yi masa tambayoyi, sannan kun zaɓi wani, to ku gaya masa. Ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne. Rashin samun aikin yana da ciwo, amma ciwon kwana biyu ne. Shirun nan naku shi ne ke cin shekarun mutane.

Wanda bai taɓa haɗa dosiye ba yana ganin takardu ne kawai. Ka rubuta takardar neman aiki da hannunka, in ka yi kuskure ɗaya ka sake sabuwa. Ka yi fotokofin takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da diplom, ka kai a buga musu hatimi, kowace da tambur ɗinta. Ka je gidan shari'a ka karɓo kaziye, takardar da ke shaida ba a taɓa ɗaure ka ba, wadda wata uku kawai take aiki, in ta wuce sai wata. Ka duba katin ANPE, hukumar gwamnati mai rajistar masu neman aiki, ko yana nan da ransa. Wani wurin har takardar likita. Kowane ɗayan nan akwai layi, akwai kuɗin kabu-kabu, kuma mai yin sa ba shi da albashi. Daga aljihun uwa kuɗin ke fitowa, ko yaya, ko wata ƙanwa mai sayar da ƙosai a ƙofar gida. Ambulan ɗin da ake jefawa cikin kwali a kusurwar biro, gumin gida guda ne a ciki.

Ni ɗan Zango ne. Muna lise aka buɗe matatar man SORAZ a ƙarshen 2011, kuma ina tuna yadda muka ɗauka Damagaram ta gama da zaman banza. Ganga 20,000 a rana abu ne babba, amma matata aikin injuna ce, ba za ta kwashe samarin jiha guda ba, mu ne muka ɗora mata burin da ya fi ƙarfinta. Na yi lisans a fannin labarin ƙasa a jami'ar garin nan, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou. Na yi shekara biyu na sarwis sibik, wato hidimar ƙasa. Bayan nan na shiga sahun masu ambulan, shekara uku cur. Mafi yawan wuraren ban taɓa jin ɗuriyarsu ba, kuma ban riƙe su a zuciya ba, tunda a ƙasan sanarwar sukan rubuta cewa waɗanda aka zaɓa kaɗai za a kira.

Sai ga shi wata rana an kira. Wata ƙungiya ce, ba zan faɗi sunanta ba, tana neman wanda zai yi aiki da manoman lambu a ƙauyukan kudancin jihar nan. Aikin a nan yake, amma ganawar a Yamai. Kilomita wajen 900. Na shiga kar tun kafin kiran assalatu, muka bi Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sai dare muka sauka. Rigata da aka yi wa guga tana cikin leda a kan cinyata duk tsawon hanyar don kada ta yamutse. Na kwana a tabarma a ɗakin wani abokin karatu. A lokacin mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 30 ne da ƴan kai, sai a 2024 aka mai da shi jika 42. Tafiyar nan, zuwa da dawowa da abinci da kuɗin shiga gari, ta cinye kwatankwacin albashin wata guda. Inna ce ta sayar da tunkiyarta.

Mu shida aka kira. Mutum uku ne a bayan tebur, da kwalbar ruwa gaban kowa. Minti ashirin da ɗoriya, da Faransanci daga farko har ƙarshe. Sun tambaye ni inda nake ganin kaina nan da shekara biyar, sun tambaye ni rauni na da ƙarfi na. Ba wanda ya ce in gwada yadda zan yi wa dattijon ƙauye bayanin rabon ruwa da Hausa, alhali aikin ke nan. Wannan ma magana ce mai zaman kanta. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne, to ya kamata a fara auna mai aikin karkara da harshen da zai yi aikin da shi. Amma bari in koma kan zancena. Da muka gama, shugabar ta miƙo mini hannu ta ce na yi ƙoƙari ƙwarai, za su tuntuɓe ni cikin mako biyu.

Mako biyu ya wuce. Wata ya wuce. Na aika saƙo cikin ladabi, shiru. Na kira lambar da aka kira ni da ita, aka ce ana kan nazari. Ko wanka zan shiga sai na ɗora salula a kan katanga inda zan ji ta. Baƙuwar lamba ta kira, gabana ya faɗi, in ɗauka in ji ɓatan kai ne. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗanta na fari. Kullum da safe in na durƙusa gaishe ta sai ta ce: "Kai wannan, mutanen Yamai fa?" In ce: "Inna, har yanzu dai." Ta ce: "To, Allah ya sa mu ji alheri." Ba ta taɓa tayar da zancen tunkiya ba, kuma rashin tayarwar ya fi yi mini nauyi.

A cikin watannin nan ne Kawu ya zo har ɗaki. Yana da amini mai haɗa sola da famfon rijiyar lambu, aiki ya yi masa yawa, yana neman yaro mai karatu wanda zai iya lissafi. Na ce: "Kawu, ku yi haƙuri, ina jiran kira. In na shiga yau aka kira ni gobe, na kunyata ku wurin amininku." Ya yi shiru, ya ce ba komai, ya tashi. Aka ba wani wurin. Da a ce mutanen nan sun turo mini layi ɗaya tun mako na biyu, da na bi Kawu a ranar. Yadda na ji labari kuwa, a Facebook ne, wata na bakwai: hoton ɗaya daga cikin mu shidan nan, da rigar ƙungiyar, a tsakiyar wani lambu, an rubuta yana wata na biyar a bakin aiki.

Ban ji haushin sa ba, har ga Allah. Wataƙila ya fi ni. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wata biyar ana sane an rufe magana, ni kuwa ina ɗora salula a katanga.

Na san amsar da za a ba ni: dosiye ɗaruruwa ne, wa zai bi kowa? Na yarda, a matakin farko. Amma waɗanda aka kira ganawa ba ɗaruruwa ba ne, biyar ne ko goma. Lambarsu tana gabanku, da ita kuka kira su. Saƙon salula guda bai kai kuɗin kwalbar ruwan da ke kan teburin ba. Wasu kuma suna cewa kunya ce, Bahaushe ba ya son cewa a'a ƙiri-ƙiri. Wannan ba kunya ba ce. Kunyar da muka gada ita ce ka kare mutuncin wanda ke gabanka, ba ka sauke wa kanka nauyi ka bar shi rataye ba. Mai neman aure ma in ba za a ba shi ba, ana aika dattijo ya gaya wa iyayensa, don ya nemi wata.

Kuma shirun yana haifar da abin da ya fi shi muni. Duk wanda ba a gaya masa dalili ba, shi zai ƙirƙiro wa kansa dalili, kuma dalilin da ke bakin kowa a fada shi ne PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, haka ake cewa. Wani lokacin gaskiya ne, kowa ya ga irinsa. Wani lokacin kuma an yi adalci tsakani da Allah, amma da yake an yi gum, ba mai yarda. Ƙanin da ke kallon yayansa sai ya ce karatun me zan yi? A wannan duhun ne ƴan damfara ke kiwo, masu turo sanarwar aiki ta WhatsApp su ce a aiko kuɗin buɗe dosiye. Su dai suna amsawa da wuri, shi ya sa ake faɗa musu. Ga konkur na gwamnati, jarrabawar ɗaukar ma'aikata, da iyakar shekaru, kana jira tana matsowa. Ga ƴan mata masu diplom da ake ce wa su zaɓa tsakanin jiran kira da ɗaurin aure. Ga waɗanda suka gaji suka hau motar Agadas.

Shekara guda bayan haka na je da ƙafata wurin aminin Kawu. Ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa sauya hanya abu ne mai daɗi ba. Na haura talatin, yaran shagon da ban kai su sanin aiki ba wasu ƙannen bayana ne, su ke aike na in ɗauko tsani. Watanni ina ɗaukar panno na sola a ka ina hawa rufin kwano da zafin bazara, abin da ake sallama ta da shi na abinci ne da sabulu. A unguwa akwai masu cewa: "Ashe karatun nan a nan zai ƙare?" Akwai abokan jami'a da suka daina tsayawa in sun gan ni da datti. Maigida mutum ne mai faɗa, amma bai taɓa ɓoye mini komai ba: yadda ake fuskantar da panno kudu a ɗan kwantar da shi, yadda ake jera su wuta ta ƙaru, yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfinsu in ba a goge ba, yadda ake auna zurfin rijiya kafin a zaɓi famfo don kada ya ja iska ya ƙone.

Abin da ban zata ba, a nan karatuna ya dawo mini. Garin Damagaram a kan dutse yake zaune, duwatsun nan da muke gani a Birni su ne suka leƙo, sauran suna ƙarƙashinmu, shi ya sa ruwa ke ba mu wuya tun kaka da kakanni har ake jawo shi daga nesa. Amma ka gangara kudu wajen Korama, yankin Matamai da Magarya, ruwa yana kusa, ga rake ga kayan lambu. Abin da na zana a takarda don cin jarrabawa, yanzu da shi nake gaya wa mai lambu ko famfon da yake so zai yi masa ko asarar kuɗi ce. Manoman da aka ce ban cancanci in yi aiki da su ba, yau su ke kira na, kuma da Hausa muke gama magana a gindin mangwaro.

Ba cewa nake kowa ya ajiye diplom ya kama sukudireba ba. Ƙasa tana bukatar malamai da likitoci da ma'aikatan biro, kuma wanda ya samu Allah ya sa albarka. Sai dai ƙofofin sun ƙara ƙunci: tun bayan sauyin mulki na Yulin 2023 furoje da dama sun tsaya, a 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji. Idan gurabe sun yi kaɗan, masu komawa gida hannu rabbana sun ƙaru ke nan, kuma kowannensu yana bukatar ya sani da wuri don ya nemi wata mafita tun da sauran ƙarfinsa.

Bara na buɗe nawa shagon, na sa a status cewa ina neman yaro ɗaya. Mutum tara suka zo, biyu da lisans. Na zauna da kowa, na ɗauki ɗaya. Daren ranar bayan isha'i na zauna a kan benci na kira sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ba daɗi. Wani ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, wani ya ce in dai duba masa ko nan gaba. Ɗaya ya ce: "Na gode, Yaya, kai ne na farko da ya taɓa kira na ya gaya mini." Duka bai kai mini rabin awa ba.

Saurayin jiya kuwa, na ce masa ranar Litinin ya kira su, ya gaishe su, ya tambaya kai tsaye ko an riga an ɗauki wani, ba laifi ba ne. Na ce masa kuma ranar Asabar muna da aikin famfo a wani lambu bayan Matamai, in yana so ya zo ya gani da idonsa, salularsa tana aljihunsa, akwai rezo a can. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Ya biya kuɗin batir ɗin, ya gyara ambulan a hammata, ya fita.