Ni da Dalma Kilo 8 a Ruwan Wuse

Mutumin da ke zaune a Abuja ba shi da haɗi da teku, sai dai ya je Legas, amma hakan bai hana ni sayen sabuwar rigar iska ta masu nutso ba, wadda ake hura wa iska a taso, a sauke iskar a nutse. Wadda na saba haya a Masar kamar falmaran take, iska na zagaye ciki da haƙarƙari. Wannan kuwa jakar iskarta duk a gadon baya take, manne da farantin ƙarfe da ya haura kilo 2. Na ɗauki ɗana Abba muka nufi wani wurin ninkaya a Wuse mu gwada.

Malamin nutson ya ga ina jera dalma a ɗamara don nauyinta ya nutsar da ni, ya ce, "Alhaji, kilo nawa ke nan?"

Na ce 8, abin da na ɗaura a Bahar Maliya. Ya ce ai ruwan can gishiri ne, ɗaga mutum yake yi, ga rigar roba mai kauri ita ma tana ɗagawa. Nan ruwan famfo ne, daga ni sai gajeren wando, ga ƙarfe a bayana. Na ce, "Malam, jikina ne, na san shi."

Ina sakin iskar rigar sai na ji ni zaune daram a ƙasan ruwa, kunnuwa na zugi. Na danna maɓallin hurawa, shiru. Na ƙara dannawa, na riƙe. Ashe abin ba nan take yake amsawa ba, ɗan jinkiri gare shi. Can sai na ji an tsinke ni daga ƙasa. Kuma iskar da ke cikin riga, mutum na yin sama tana ƙara kumbura, tana kumbura yana ƙara gudu. Na faso kan ruwa da ƙarfi, jakar da ta cika tam ta kifa ni rub da ciki, fuska a ruwa, mazaunai na kallon sararin Abuja. Yaran da ke koyon iyo suka daina koyo.

Malam bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya sa na zazzage iskar rigar kaf, na ja numfashi daidai na riƙe a kan ruwa. Idan nauyi ya yi, ruwa zai tsaya wa mutum a daidai ido, in ya fitar da numfashi ya nutse a hankali. Ya yi ta zare dalma har ta koma kilo 2, ita ma ya bar ta ne don tukunyar iska tana yin sauƙi idan ta kusa ƙarewa.

Saura kwanciya a miƙe cikin ruwa, nan ne tumbi ya shigo maganar. Ɗamarar ta ƙi zama a kansa, sai ta zame ƙasan cibiya ta ja ƙafafuna, ina tafe a tsaye ina tuƙa keken da babu. Malam ya ce a mai da dalmar aljihun igiyar tukunya, a ɗan ɗaga tukunyar sama. "Ɗan" fa ya ce. Ni kuwa hannuna ba ya ɗan abu. Ina komawa sai kai ya yi ƙasa, ƙafafu suka fito waje suna harbin iska. Na ɗaga tiyon kafaɗa in sauke iska, ko kumfa ɗaya, domin duk ta gudu gindin jaka, igiyar da ake ja a can kuma na laluba na kamo tazugen wandona.

Duk wannan Abba na bakin ruwa da waya. Kafin in goge jiki bidiyon ya shiga zauren gidanmu na WhatsApp. Muna mota Yaya ta kira daga Jos, muryarta na rawa.

"Wa ya tura ka ciki? Kuma wancan ƙaton da ke tsaye, me ya hana shi ciro ka?"

Na ce, "Yaya, ai biyansa nake yi."